Kafin gara ta gama da littafin kakanka

Ka taɓa buɗe gafakar kakanka ka duba Risala ko Ishiriniya ta rubutun hannu? Matani a tsakiya, sharhi a gefe, tsakanin layuka kuma ga ƴan kalmomin Hausa da ajami, waɗanda ɗalibi ya rubuta lokacin da malam yake fassara masa. Wani wurin sai ka juya takardar kafin ka iya karantawa.

Yahudawa ma haka shafin Talmud ɗinsu yake: nassi a tsakiya, sharhin Rashi, malamin Faransa da ya rasu a 1105, a gefe guda, na waɗanda suka biyo shi a ɗaya gefen. Da suka zo sa shi a intanet, masu shafin Sefaria ba su tsaya ga hoto ba. Sun buga rubutun a kwamfuta, suka ɗaure kowane sharhi da layin da yake magana a kai. Ka taɓa layi, malaman da suka tattauna shi su bayyana.

Mu fa? A ɗau hoto a karkace, a yanke gefen, a watsa a WhatsApp. Ba sunan wanda ya kwafa, ba garin da aka samo shi. Alhali a gefen nan da aka yanke ake jin muryar malamanmu. Littattafan Malam Umaru Falke, attajirin malamin Kano da ya rasu a 1962, suna Jami'ar Northwestern a Amurka, an jera su an yi musu lamba. Na gidanku kuwa damina da gara ke rabonsu.

Kai da kake tashi aiki a kamfanin roba a Sharada ko majemar Challawa, ke da kika gaji da kai takardar neman aiki Bompai, kuna da abin da ake nema. Kun yi allo, kuna karanta rubutun warshu, ga waya a hannu. Kwamfuta har yanzu tuntuɓe take yi da ajaminmu, sai da idon mutum.

Ka nemi izinin mai littafi, ka ɗauki guda ɗaya tak. Takardun ba a ɗinke suke ba, saboda haka ka lura da kalmar da ke ƙasan shafi, ita ce farkon shafi na gaba. Ka ɗau hoton kowane shafi har gefensa, ka buga matani daban, sharhi daban. Inda ya shige maka duhu kada ka gyara, sa alama ka kai wa malam.