Daga Landan Zuwa Ikko Bisa Babur: Me Ake Nema?

Ran Lahadi, 29 ga watan Mayu na 2022, jama'a suka yi dafifi a Seme, kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin, suna jiran isowar mutum guda. Mutumin nan kuwa shi ne Kunle Adeyanju, wani ɗan kasuwa ɗan Nijeriya mai shekara 44, wanda ya bar birnin Landan ran 19 ga watan Afrilu bisa babur, shi kaɗai. Ya keta Faransa da Sifen, ya shiga jirgin fito ya tsallaka zuwa Maroko, ya bi gefen hamadar Sahara ya ratsa Murtaniya da Sinigal da Mali, daga bisani ya ɓullo ta Gana da Togo da Benin. Ya yi wajen kwana 40 a hanya, ya ci kimanin kilomita 13,000, watau kamar a ce mutum ya yi tafiyar Ikko zuwa Kano sau goma sha biyu. Dalilin da ya bayar shi ne tara wa ƙungiyar Rotary gudummawa domin yaƙi da ciwon shan inna.

To, mai hankali ba zai rasa tambaya ba. Idan taimako ake nufi, me ya hana mutum ya lissafa kuɗin mai da na biza da na masauki, ya miƙa wa masu aikin rigakafi, ya yi zamansa a gida cikin iyalinsa? Me ya haɗa ciwon bayan wani a hamada da ƙafar yaron da ke Gusau? Tambaya ce mai kyau, ta kuwa cancanci amsa, domin masu irin wannan tafiya suna da yawa a duniya, kullum kuma sai daɗuwa suke yi.

Da farko dai ya kamata a san irin wuyar da ke ciki. Mai mota yana da rufi bisa kansa da bango a gefensa, in barci ya kama shi yana iya ba wani tuƙi. Mai babur kuwa jikinsa ne bangonsa. Rana ta doke shi, iska mai yashi ta ture shi, ruwa ya jiƙa shi, ga hular kwano da rigar kariya masu nauyi da ba shi da ikon cirewa komai zafi. Rami guda da ya kuskure gani ya isa ya kawo ƙarshen tafiya, wani lokaci har da ƙarshen matafiyi. Shi kansa Adeyanju ya ba da labarin yadda ƙarfen ƙafar babur ɗinsa ya karye da dare a dajin Mali, ba kowa kusa, ba ya kuma jin harshen mutanen wurin, sai da ya taka zuwa wani ƙauye inda talakawa suka agaza masa. Kwana 25 ya ɗiba wa tafiyar tun da fari, amma hanya ta yi nata lissafin.

Dalili na farko da ke fitar da irin waɗannan mutane, wanda sau da yawa ba a son faɗi, shi ne suna son abin. Akwai mutanen da Allah Ya halitta da ƙaiƙayin tafiya, zama wuri ɗaya yakan zame musu kamar ɗauri. Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, shi da kakanninsa suka yi ta kora jakuna zuwa Gwanja neman goro, suka kuma taka da ƙafa ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya domin sauke farali. A ƙasar Yarbawa har yau in mutum ya cika yawo akan kira shi Ajala, saboda Olabisi Ajala, wanda ya hau keke daga Chicago zuwa Los Angeles a Amurka cikin 1952, daga baya ya zaga ƙasashe masu yawa bisa ɗan babur Vespa, har ya rubuta littafi a kan tafiye-tafiyensa cikin 1963. A Amurka ma akwai ƙungiyar mahaya da ake kira Iron Butt Association, wadda ba ta karɓar mutum sai ya nuna shaidar ya yi mil 1,000 cikin sa'a 24. Ba su ce don kowa suke yi ba, jarraba kai ce kawai. Saboda haka mai hawan babur domin taimako bai ƙirƙiro son wahala ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗaura wa sha'awarsa kaya, kamar yadda ake ɗora wa ingarma sirdi maimakon a bar shi yana sukuwa a banza.

Dalili na biyu ya fi kusa da zuciya. Da wuya a sami mai irin wannan tafiya wanda ba shi da wani tabo da yake ɗauke da shi. Wani uwarsa ce ciwon daji ya ɗauke, wani ɗan'uwansa ne ya dawo daga fagen fama ba ƙafa. Adeyanju ya sha faɗin cewa yana da aboki tun suna yara wanda shan inna ya nakasa, ba ya iya shiga wasan da sauran yara ke yi, daga baya kuma ya rasu. Wanda ya ga irin wannan da idonsa yakan ji kamar ana bin sa bashi, bashin kuwa ba irin wanda sa hannu a takardar banki ke biya ba ne. Yana so jikinsa ya ɗanɗani wani abu, ko da bai kai kwatankwacin abin da wancan ya sha ba.

Amma babban dalili, wanda shi ne amsar tambayar da aka yi a sama, shi ne wahala tana sayen kunnen jama'a. A dubi lissafi. Abin da Adeyanju ya sa a gaba da farko naira miliyan 20 ne, wajen dala 48,000 a canjin wancan lokaci. Ƙungiyar Rotary kuwa, tun daga 1985 da ta ɗaura ɗamarar wannan yaƙi, ta zuba fiye da dala miliyan 2,000 a ciki. Ko da an haɗa da alkawarin gidauniyar Bill da Melinda Gates, wadda a lokacin take ƙara dala biyu a kan kowace dala da Rotary ta tara, kuɗin mai babur bai wuce ɗigo cikin kogi ba. Ashe ba kuɗin ne kan gaba ba. Abin da ya samo shi ne kwana 40 da mutane suka yi suna duba wayoyinsu kowace safiya don su ji ko ya fita daga hamada lafiya, kowace safiya kuma sunan shan inna yana shiga kunnensu. Da jawabi ya kira a wani otal a Ikko, da 'yan jarida goma ba su zo ba.

Wannan kunne kuwa shi ne abin da yaƙin ya fi bukata a daidai lokacin. Cikin 1988, sa'ad da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka ƙudura kawar da cutar daga doron ƙasa, tana shanye yara kimanin 350,000 kowace shekara a ƙasashe 125. Ƙwayar cuta ce da ke fita cikin bayan gida, ta shiga bakin yaro ta ruwa ko abinci ko hannu marar tsabta, ta fi kuma kama 'yan ƙasa da shekara biyar. Cikin yara 200 da ta shiga jikinsu, ɗaya ne take shanyewa, sauran su yi ta yaɗa ta ba wanda ya sani. In ta shanye ƙafa ba magani, sai dai rigakafi tun kafin ta zo. Mutanen dā da suka ga yaro ya kwana lafiya ya tashi ƙafa ta saki, sai suka ɗora wa Inna, wata daga cikin iskoki, suka ce ita ta sha, daga nan sunan ya samo asali.

Arewacin ƙasar nan ya san tsadar sakaci a wannan fage. Cikin 2003 jita-jita ta bazu cewa an gauraya maganin da abin hana haihuwa, wasu jihohi suka dakatar da rigakafi, Kano ba ta koma ba sai tsakiyar 2004. Kafin a farga cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe wajen 20 waɗanda dā suka rabu da ita, har Yaman da Indunisiya. Cikin 2012 fiye da rabin yaran da ta shanye a duniya duka 'yan Nijeriya ne. Sai da sarakuna, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, da malamai da ma'aikatan lafiya suka tashi tsaye kafin aka juya al'amarin. An ga ƙarshen asalin ƙwayar a Jihar Barno cikin 2016, ran 25 ga Agusta na 2020 kuma aka yi shelar cewa yankin Afirka ya rabu da ita.

A nan ne haɗari ya ɓuya. Da aka buga tambarin nasara, sai mutane suka ɗauka an gama, iyaye suka fara tambayar dalilin da har yanzu ake ƙwanƙwasa musu ƙofa. Alhali kuwa asalin ƙwayar tana nan a Pakistan da Afganistan, cikin Fabrairun 2022 ma, wata biyu kafin Adeyanju ya tashi, aka ba da sanarwar ta shanye wata yarinya a Malawi, bincike ya nuna irin ta Pakistan ce. Har ila yau akwai wani nau'i da ke ɓulla a inda aka bar yara da yawa ba rigakafi. Ƙwayar da aka raunana aka sa cikin maganin ɗigawa, in ta daɗe tana yawo tsakanin yaran da ba su da kariya, takan sake samun ƙarfi. Wannan nau'i ya shanye yara fiye da 400 a Nijeriya cikin 2021 kaɗai, maganinsa kuwa shi ne kada a bar yaro ko ɗaya a baya. Cutar da aka daina tsoro ita ta fi bukatar mai shela, mai babur kuwa shela ya yi, da gangar da ya ga za a saurara.

Turawa sun daɗe da gane wannan dabara. Cikin 2004 ɗan wasan fim Ewan McGregor da abokinsa Charley Boorman suka tashi daga Landan suka nufi gabas bisa babura, ta Kazakistan da Mongoliya da Saberiya, har suka ƙare a New York. A hanya suka riƙa tsayawa wuraren da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, yake aiki. Cikin 2007 suka sake yin wata daga ƙuryar arewacin Sikotilan zuwa Cape Town, suka ziyarci yaran da yaƙi ya ɗaiɗaita a Yuganda. Masu kallon talabijin sun zauna ne domin su ga babura na faɗawa cikin taɓo, amma sun tashi da sanin halin da waɗannan yara ke ciki.

Duk da haka ba kowane mai ɗaura tuta a bayan babur ne abin yabo ba. Riya tana da saurin hawa irin wannan abin hawa. Akwai wanda taimako rigar aro ce gare shi, abin da yake nema suna ne da hoto da manya. Mai karatu zai tuna yadda cikin 2015, bayan wani saurayi ya taka daga Ikko zuwa Abuja don murnar sakamakon zaɓe, 'yan tattaki suka cika hanyoyin ƙasar nan, kowa da ɗan siyasar da yake takawa dominsa, kowa da abin da yake sa rai a ƙarshen hanya. Zuciya dai Allah ne masaninta, amma akwai alamu uku da jama'a ke da hakkin dubawa kafin su sa hannu a aljihu. Na ɗaya, wa ke biyan kuɗin mai da masauki, matafiyin ne ko kuwa daga cikin gudummawar za a cira? Na biyu, kuɗin asusun wa yake shiga, na sananniyar ƙungiya mai masu binciken lissafi ko aljihun mutum guda? Na uku, bayan an gama tafi da kiɗa, an fito an faɗi nawa aka samu da inda aka kai shi? Wanda ya amsa waɗannan ba tare da ɓacin rai ba, a taimaka masa. Wanda ya ce tambayar cin fuska ce, a bar shi da babur ɗinsa.

Daga ƙarshe, akwai wasu mahaya da ba a tarye su a Seme ba. Cikin shekarun 1980 wasu masu sha'awar tseren babur, Barry Coleman da matarsa Andrea da ɗan tsere Randy Mamola, suka lura cewa motoci da baburan aikin lafiya a Afirka suna mutuwa a yashe saboda rashin gyara, yara kuwa suna mutuwa a ƙauyuka saboda magani bai isa ba. Daga nan aka sami ƙungiyar Riders for Health, wadda ke koya wa ma'aikatan lafiya hawan babur da kula da shi. Irin waɗannan ma'aikata, da 'yan'uwansu mata masu shiga gida gida, su ne ke goya akwatin ƙanƙara su bi turbar da mota ba ta bi, su ɗiga wa yaro ɗigo biyu a baki, su shafa masa tawada a ɗan yatsa, su yi alama da alli a bango, gobe su sake fita. Cikin Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe tara daga cikinsu a Kano, sauran ba su fasa ba.

Tafiyar Landan zuwa Ikko ta ƙare cikin kwana 40, amma tasu tafiyar ba ta ƙarewa sai a ƙofar gida, inda maigida zai ce a shigo ko a wuce. In ya ce a shigo, wahalar mai babur ta yi rana. In ya ce a wuce, to, an ƙona mai a banza, yaron da ke cikin gidan kuma shi zai biya. Allah Ya kare zuri'a, Ya kai matafiya gida lafiya, amin.