Sandan bugun nesa da sabon ɗan golf

Duk wanda ya fara wasan golf a filin Kano ko na Kaduna, idonsa na kan sandan bugun farko, mai ƙaton kai da dogon mariƙi. Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna 14 a jakarsa, amma wannan guda ɗaya shi ke cinye kuɗin masu koyo. Mutum ya ga Rory McIlroy a talabijin yana aika ƙwallo yadi 300, sai ya nemo irin sandansa na TaylorMade, mai mariƙi mai tauri da fuska a miƙe, karkatarta digiri 9 kacal. Hannun mai koyo bai kai saurin hannun McIlroy ba. Ƙwallon sai ta tashi ƙasa-ƙasa, ta lanƙwashe dama, ta faɗa cikin bishiyoyi, yaron da ke ɗaukar jaka ya shiga nema. Abin yana damuna, domin da yawa a nan suke yanke ƙauna su bar wasan. A ganina, mai koyo ya nemi fuska mai digiri 11 ko 12 da mariƙi mai ɗan lauƙi, ko da na gwanjo ne, ya kuma gwada sandan kafin ya biya. Ƙasarmu ma tana taimakawa: da rani fili ya bushe ƙayau, ƙwallon da ta sauka a tsakiya sai ta yi ta gangarawa. Mai koyo ya kuma saurari yaran nan masu ɗaukar jaka, sun daɗe suna kallon bugun mutane, kuma ƙwararrun Najeriya da dama daga cikinsu suka fito.