Kafin ku ƙwace wayar, ku tambayi yaron wane jarumi ya gina

A wannan mako ina so in taɓo wata magana wadda na san waɗansu dattawa za su ce ba ta isa ta ci wuri a shafin nan ba, wato wasannin nan na yaƙi da dodanni da yaranmu suke yi ta intanet, a waya ko a kwamfuta. Abin da ya sa na ga ta isa shi ne, kwanan baya wata uwa daga zumuntar mata ta tsai da ni bayan sujada, ranta a ɓace, ta ce, "Malam, ka zo ka yi wa ɗanka magana, ya shiga maita ta waya." Ta leƙa ne ta ga wani mai doguwar riga da sanda yana watsa haske, ga dodanni masu ƙaho sun kewaye shi, yaron kuwa ya bar tuwonsa har ya huce. Na je gidan, na zauna kusa da yaron wajen awa biyu ina kallo ina tambaya. Da na fito na gaya wa uwar cewa tana da gaskiya da ta damu, amma ta ɗora hannu a inda ba nan ciwon yake ba.

Bari in fara da bayanin abin, gama yawancinmu muna hukunta shi ne daga bakin ƙofa. Irin wannan wasa ya girmi intanet ɗin da muke amfani da shi yau. A shekarar 1974 waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan Dungeons & Dragons, wanda ake yi a kan tebur da takarda da fensir da 'ya'yan jefawa irin na ludo. Kowane mai wasa yakan ƙirƙiro jaruminsa, ya rubuta yawan ƙarfinsa da hikimarsa da zafin namansa da lambobi, sa'an nan su shiga tatsuniya tare. Wasan da yaron nan yake yi a waya jika ne a wannan zuriya. Amma don bayani ya fita sosai zan ɗauki wanda ya fi suna a cikinsu, wato World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a watan Nuwamba na 2004, wanda kuma a 2010 masu biyan kuɗin wata-wata don yinsa suka kai miliyan 12.

Yadda wasan ya fito da farko, mutum zai zaɓi ɗaya daga cikin iri tara na jarumai, akwai mayaƙi, akwai maharbi, akwai firist mai warkarwa, akwai mai sihiri, da sauransu. Zai fara daga mataki na 1 ba shi da kome sai tsumma da tsohon makami, ya yi ta aike da farauta har ya kai mataki na 60. To, ga inda dabarar take. Daga mataki na 10 ana ba shi maki ɗaya a kowane mataki, wato maki 51 ke nan gaba ɗaya, ya zuba su a inda yake so jaruminsa ya ƙware. Kowane jarumi yana da fannoni uku. Babbar baiwar da ke ƙarshen kowane fanni kuwa ba a kai mata sai an zuba maki 31 a wannan fanni. Wanda ya iya lissafi ya riga ya gane: 31 sau biyu 62 ne, shi kuwa 51 yake da su. Taura biyu ba ta taunuwa. Mayaƙin da ya zaɓi ya zama garkuwa mai shan bugu ya haƙura da zama gwanin sara, firist ɗin da ya zaɓi warkarwa ya yarda ke nan zai riƙa shan wuya in ya fita farauta shi kaɗai, domin kafin ya kashe kura ɗaya abokinsa ya kashe uku. Wanda kuma ya ce shi mai wayo ne, ya rarraba makinsa 17 a nan 17 a can, sai ya tashi da jarumin da ya taɓa kome bai iya kome ba, kamar manomin da ya watsa buhun taki ɗaya a gonaki uku.

Canza ra'ayi kuma ba kyauta ba ne a wancan lokaci. Karo na farko zinariya 1 ta cikin wasa za ka biya a share maka makin ka sake rabawa, na biyu 5, na uku 10, haka yake ta hawa har 50, alhali dabbar hawa ta farko tare da kuɗin koyon hawanta kusan 100 take ci, mutum yakan yi makonni yana tara su. Saboda haka yaro yakan zauna ya yi tunani kafin ya danna. Ni dai ban san wurare da yawa a rayuwar ɗan shekara 14 ba inda ake tilasta masa ya zaɓi abu ɗaya ya bar biyu, kuma ya zauna da abin da ya zaɓa.

Abu na biyu ya fi wannan ban sha'awa. Manyan dodanni suna cikin koguna, ba a shiga sai mutum biyar, kuma biyar ɗin nan mutane ne na gaske, kowa yana zaune a ɗakinsa, wani a wata ƙasa dabam. Ɗaya ne garkuwa, ɗaya mai warkarwa, uku masu sara. Dodon yana da lissafin wanda ya fi ɓata masa rai, shi yake bi. Aikin garkuwa shi ne ya riƙe fushin dodon a kansa, ya sha bugun da in ya sauka a kan wani zai mutu nan take. Aikin mai warkarwa ya tsaya a baya yana mai da wa garkuwa jininsa, yana kuma tattalin ƙarfinsa kamar ruwan randa a bazara, gama in ya ƙare kowa ya halaka. Masu sara su ne abin tausayi, domin jarabarsu ta fi ta kowa. Kowannensu yana so a ga shi ne ya fi yi wa dodon ɓarna, amma in ya wuce garkuwa wajen tsokana da kashi 10 cikin 100 yana kusa, ko kashi 30 yana harbi daga nesa, dodon zai juyo kansa. Mai warkarwa zai bar garkuwa ya je ceton mai rawar kai, garkuwa ya faɗi, kafin ka ce kwabo duka biyar suna kwance. Wato gwanin da bai iya rage hannu ba shi ne yake kashe jama'arsa. A manyan yaƙoƙi na wancan zamani mutum 40 ne suke shiga tare, kowa da wurin tsayuwarsa, kamar gayya. Akwai wani hoton bidiyo na 2005 da har yau masu wasan suke dariya da shi, inda jama'a suka tsaya suna tsara yadda za su shiga wani ɗaki mai cike da ƙwayayen dodanni, sai wani jarumi mai suna Leeroy Jenkins ya kwarara ihun sunansa ya faɗa ciki da gudu, aka bi shi dole, aka mutu gaba ɗaya. Daga baya masu shi sun ce sake shirya abin suka yi don a ɗauka, amma sunan ya riga ya zama zambo ga duk mai gaggawar da ke jawo wa 'yan'uwansa asara.

Da na tambayi yaron nan wane aiki yake yi a tasu ƙungiyar, ya ce mai warkarwa ne. Mai doguwar rigar nan da uwarsa ta gani, hasken da yake watsawa magani ne. Na ce, "Me ya sa ka zaɓi wannan?" Ya ce don ba mai so, kuma in babu shi ba a shiga. Ya ƙara da cewa in an ci nasara masu sara ake yabo, in an faɗi shi ake zagi. Na yi shiru, domin na san manya da yawa da ba za su karɓi irin wannan aiki ba.

Maganar sihiri fa? Ba zan ce babu abin dubawa ba. A cikin jarumai taran nan akwai wanda aikinsa kiran aljanu ne su yi masa yaƙi, kuma ni kaina ba zan so ɗana ya kwana yana wasa da sunan wannan ba. Gidan da ya ce ba ya so yana da iko, ga sauran takwas nan. A shekarun 1980 iyaye da masu wa'azi da yawa a Amurka sun tā da irin wannan ƙara a kan Dungeons & Dragons. Amma mu faɗi gaskiya, abin da yaron yake yi danna maɓalli ne, lamba ta ragu a nan ta ƙaru a can. Ba surkulle yake koyo ba, lissafi yake yi da zanen dodo a kansa. In muka ƙare ƙarfinmu a kan ƙahon dodo, abubuwa biyu da suke cin yaranmu da gaske za su wuce ta gabanmu ba mu gani ba.

Na farko lokaci ne, kuma abin mamaki, daga wannan kyakkyawan halin yake fitowa. Wasan intanet ba a tsai da shi. In uwa ta kira yaro yana tsakiyar kogo, bai tashi ba, sau da yawa ba raini ba ne, mutum huɗu ne suka dogara gare shi, in ya tashi aikin awa guda ya zube. Masu ƙera wasannin sun san wannan sarai, da amanar yaro suke ɗaure shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasannin kwamfuta a jerin cututtukan da ta sani, ga wanda wasa ya fi ƙarfinsa har ya ɓata masa karatu ko aiki ko zaman gida. A 2021 ƙasar Sin ta kafa doka cewa 'yan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya za su yi, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, ran Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Mu ba mu da irin wannan doka, sai ta gida. Shawarata ita ce a yi maganar lokaci kafin yaro ya shiga kogo, ba yana ciki ba. A ce masa ƙarfe kaza za a ci abinci, in ka san ba za ku gama ba kada ka yi wa mutane alkawari. Wanda ya iya raba maki 51 zai iya raba awa 24.

Na biyu kuɗi ne, kuma a nan ne raina yake ɓaci. Duk darajar da na lissafa a sama ta tsaya ne a kan abu ɗaya, cewa ba a sayen abin, sai an sha wuyarsa. Amma a 2014 Blizzard ya fara sayar da tsallake, ka biya dala 60 a ɗaga maka jarumi zuwa mataki na 90 a nan take. A 2015 aka fito da hanyar da mutum zai ba da kuɗin gaske ya sami zinariyar cikin wasa. A sabon fasalin wasan ma canza maki ya zama kyauta. Sai ka ga jarumi sanye da kayan sarauta, mai shi bai san inda zai tsaya a kogo ba. Wasannin waya da ake cewa kyauta ne sun fi haka muni, domin da yawansu suna sayar da akwatunan sa'a, ka biya ba ka san abin da ke ciki ba, wataƙila takobin da kake nema, wataƙila tarkace. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta duba irin waɗannan akwatuna ta ce caca ce. Ni ma haka na gani, ko da an yi mata ado da zanen zinariya.

Abin lura kuma, masu wasan da kansu sun gane an rage musu wani abu. A 2019 kamfanin ya komo da tsohon fasalin da sunan Classic saboda yawan roƙo, a 2023 kuma ya buɗe wani sashe inda in jaruminka ya mutu sau ɗaya, ya mutu ke nan, ko da ka yi wata shida kana gininsa. A wani wasa mai suna RuneScape, na wani kamfanin Ingila, tun 2014 akwai masu zaɓen hanyar da aka hana su ciniki da sauran masu wasa, kome suke so sai sun sara itacensa, sun haƙo ƙarfensa, sun ƙera da kansu. A tsohon fasalin wasan nan gwaninta tana ƙarewa a mataki na 99, amma wanda ya kai 92 rabin aikin kawai ya yi. Duk da haka mutane suna rububin wannan wahala da son ransu.

Ya ku iyaye, ba cewa nake yi ku saya wa yara waya don wasa ba, wanda bai fara ba bai yi asarar kome ba. Ina magana ne a kan wanda ya riga ya shiga. Ƙwace wayar da tsawa yakan sa ya koma ta abokinsa, inda ba za ku ga kome ba. Ku zauna ku sa shi ya nuna muku jaruminsa, wane aiki yake yi, me ya bari don ya sami wannan, su wa yake shiga kogo da su, da hannunsa ya sami takobin ko da kuɗi.

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta tona asirin yaronmu. Da na nuna wata sanda mai walƙiya na ce, "Wannan fa, a wane kogo ka samo ta?" sai ya sunkuyar da kai. Daga akwati ta fito, bayan ya buɗe wajen goma, kuma da kuɗin da aka ba shi na littafin lissafi ya saye su. Uwar ta yi sati biyu tana addu'a a kan ƙahon dodo, ba ta san littafin bai shigo gidan ba. Mun shirya da ita cewa zai biya kuɗin da aikin gona a hutun nan, ba zai ƙara sayen kome a cikin wasa ba, wayar kuma tana kwana a ɗakinta daga ƙarfe 9. Ranar Asabar da yamma an bar masa awa biyu, ya kuwa gaya wa mutanensa huɗu su nemi wani mai warkarwa na sauran kwanakin.