RA'AYINMU: Maraɗi Ta Fi Landan Kusa Da Gonarka

  

Ya ku 'yan'uwa masu karatu, duk sa'ad da zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato, majalisu a garuruwanmu na arewacin Kano, tun daga Dawakin Tofa da Bichi har zuwa Ɗambatta da Tsanyawa, sukan rikiɗe su koma fagen gardama. Wannan ya ce ɗan takararsa ne kaɗai zai murƙushe 'yan ta'adda, wancan ya ce nasa ne Turawa ke jin kunyarsa. A rabu ana huci, wani lokacin har a daina gaisawa a ƙofar masallaci. Mun ga haka a 2015, mun sake gani a 2023, kuma babu shakka za a maimaita a zaɓe mai zuwa. Abin da muke son jawo hankali a kansa shi ne, a duk tsawon wannan cacar baki akwai tambaya guda da ta fi kowace muhimmanci ga manomin wannan yanki, amma ba a yi ta ba: yaya ɗan takara zai zauna da maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, kuma yaya zai tsare iyakar da ke tsakaninmu da ita?

Bari mu fara da tunatarwa. Mutanen Kano ba a labari suka ji ta'addanci ba. An harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana limancin sallar Asuba a masallacin Ɗorayi ranar 13 ga Afrilu 2007, ana gobe zaɓen gwamnoni. Ranar 20 ga Janairu 2012 hare-haren Boko Haram suka hallaka mutum sama da 180 a cikin birni. Aka kashe Sheikh Muhammad Auwal Albani a Zariya a watan Fabrairun 2014, sannan ranar 28 ga Nuwamba na wannan shekara aka tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki, mutum fiye da ɗari suka rasu. Da wannan raɗaɗi a zuciya aka shiga zaɓen 2015, wanda aka ɗage daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris da hujjar rashin tsaro. Magoya bayan Janar Muhammadu Buhari suka ce soja ne ya san maganin ɗan bindiga. Magoya bayan Shugaba Goodluck Jonathan suka ce Amurka ce ta hana shi sayen jiragen yaƙi. Kano ta ba Buhari ƙuri'a 1,903,999, ta ba Jonathan 215,779.

Adalci ya wajabta mu faɗi abin da ya biyo baya, daɗinsa da ɗacinsa. Bama-bamai sun ragu ƙwarai a biranen Arewa, an kuma ƙwato garuruwa da dama a Borno. To amma wa ya taimaka aka ƙwato su? Sojojin Chadi da na Nijar ne suka kori Boko Haram daga Damasak a watan Maris 2015. Shi kansa Buhari, bayan rantsar da shi ranar 29 ga Mayu, tafiyarsa ta farko zuwa waje Yamai ya nufa, daga nan ya wuce Injamena, inda hedikwatar rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi take. Wato nasarar da aka samu, da hannun maƙwabta aka same ta. A ɗaya gefen kuma, yayin da ido ya karkata ga gabas, wata wuta ta kunno a yamma. 'Yan bindigar daji suka mamaye Zamfara da Katsina da Sakkwato, aka sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a watan Disambar 2020, aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022. Daɗin daɗawa, gwamnatin ta rufe iyakokin ƙasa na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, fataken halal suka zauna a gida, alhali barauniyar hanya ba ta taɓa rufuwa ba.

Da 2023 ta zo, sai aka sake zubar da alkawura. Bola Tinubu na APC ya yi maganar ɗaukar ɗimbin matasa aikin tsaro, tun a wani taro da aka yi a Kano a 2021 inda ya ambaci miliyan hamsin, daga baya mukarrabansa suka ce tuntuɓen harshe ne. Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP, wanda ya riƙe ma'aikatar tsaro a zamanin Obasanjo, ya yi alkawarin kai yawan sojoji miliyan ɗaya. Atiku Abubakar na PDP ya dage a kan 'yan sandan jihohi da buɗe iyakoki. Peter Obi na LP ya ce talauci ne tushen fitina, kuma filayen noman Arewa su ne babbar dukiyar ƙasar. Tinubu da Obi da Kwankwaso duk sun je cibiyar Chatham House da ke Landan tsakanin Disambar 2022 da Janairun 2023 suka gabatar da manufofinsu, mu kuma a nan gida muka shafe makonni muna musu a kan wane ne ya amsa tambayoyi da bakinsa, wane ne ya miƙa su ga 'yan rakiyarsa. Saura lokacin kuwa ya tafi a kan tikitin Musulmi da Musulmi, da launin hula, da "namu ne" da "ba namu ba ne". Ranar 25 ga Fabrairu Kano ta ba Kwankwaso ƙuri'a 997,279, Tinubu 517,341, Atiku 131,716, Obi 28,513, Tinubu ya yi nasara a ƙasa baki ɗaya.

Wata biyar kacal bayan zaɓen, tambayar da aka yi watsi da ita ta ƙwanƙwasa ƙofa da kanta. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji ƙarƙashin Janar Abdurrahman Tchiani suka hamɓarar da Shugaba Muhammad Bazoum a Yamai. Ƙungiyar ECOWAS, wadda Shugaba Tinubu ke jagoranta a lokacin, ta ba su wa'adin kwana bakwai tare da barazanar yaƙi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da Nijar ke samun mafi yawanta daga Nijeriya. Sai da Majalisar Dattawa ta nuna ƙin amincewa da amfani da ƙarfi, sai da tsohon Shugaba Abdussalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi suka yi zirga-zirga, sai da tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta isa Yamai a watan Agusta ta gana da Janar Tchiani, kafin ƙura ta lafa. An janye takunkumi a watan Fabrairun 2024, an buɗe iyaka daga ɓangarenmu a watan Maris, amma ɓarakar ta riga ta auku. Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancensu, ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata a watan Janairun 2025, sannan a watan Maris na shekarar Nijar ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi. Ba mu goyon bayan juyin mulki, kuma sojojin Yamai suna da nasu kason na laifi. Abin da muke faɗi shi ne, wannan ce mas'ala mafi nauyi da gwamnati ta fuskanta a hulɗa da waje cikin shekararta ta farko, amma babu majalisar da ta tattauna ta lokacin kamfe.

Wani zai ce, ina ruwan mai fartanya a Kunci ko Makoɗa da abin da ke faruwa a Yamai, tunda Kano ba ta da iyaka da Nijar tun da aka cire Jigawa a 1991? Ruwansa ne da tsaki. Iyakar nan mai tsawon kimanin kilomita 1,500 ta ratsa jihohi bakwai: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Ta ƙofofin Jibiya da Kwangwalam da Maigatari ne shanu da raguna da wake ke gangarowa kasuwanninmu irin ta Ɗambatta, ta nan ne kuma geronmu da dawarmu da masararmu ke hawa daga Dawanau zuwa Maraɗi da Damagaram. Ranar da aka rufe ƙofar, ɗan dako da direba da dillali da manomi duk sukan ji a jikinsu. Hatta layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi, ta Ɗambatta da Kazaure da Daura zai bi, kuma amfaninsa ya rataya ne a kan zaman lafiya da mutanen can ƙarshen layin. Ta wannan iyaka ce dai makamai suka yi ta kwararowa tun bayan rushewar Libiya a 2011. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a watan Nuwambar 2024 hedikwatar tsaro da kanta ta sanar da ɓullar ƙungiyar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi, ta kuma danganta hakan da raunin haɗin kai a kan iyaka bayan juyin mulkin.

Shekaru da dama Allah Ya tsare yankinmu da wata garkuwa da ba kowa ke lura da ita ba, wato cikowar jama'a. A arewacin Kano gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye, babu ƙungurmin daji irin na Rugu da ɗan bindiga zai kafa sansani. To amma babur ya rage nisan tafiya. A ƙarshen 2025 mahara daga ɓangaren Katsina suka riƙa tsallakowa cikin dare zuwa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, suna kora shanu, suna sace mutane, har sai da aka girke sojoji. Kowa ya san gonakinmu ƙanana ne, rayuwar gida kuma ta rataya ne a kan shanun huɗa biyu da 'yan awaki da takin da suke bayarwa. Idan aka kora su dare ɗaya, an karya magidanci na shekaru, in kuwa ya sayar da gona don biyan kuɗin fansa, to ya rabu da gadon kakanninsa har abada.

Haka kuma lamarin manyan ƙasashe ya daina zama hira. Ranar 25 ga Disamba 2025 Amurka ta kai hari ta sama a cikin Jihar Sakkwato, gwamnatin tarayya ta ce da yardarta aka yi. Mu da ba mu manta da Tudun Biri ba, inda jirgin sojanmu marar matuƙi ya hallaka mutum aƙalla 85 a wurin taron Maulidi ranar 3 ga Disamba 2023, muna da haƙƙin tambaya: idan baƙo ya yi kuskure irin wannan, a gaban wa za a kai ƙararsa?

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa, musamman malamai da limamai da masu faɗa a ji, da su sauya salon gardamar. Duk wakilin ɗan takarar da ya zo garinku neman ƙuri'a, ku tarbe shi da mutunci, sannan ku ɗora masa tambayoyi huɗu. Na farko, wane mataki ubangidansa zai ɗauka don maido da sintirin haɗin gwiwa da Nijar, ko wane ne ke mulki a Yamai? Na biyu, zai yi alkawarin cewa ba za a sake mayar da rufe iyaka makamin horo a kan talakawan ɓangarorin biyu ba? Na uku, wane sharaɗi zai gindaya wa kowace ƙasar waje, Amurka ce ko Faransa ko Rasha, kafin ta ɗaga makami a cikin ƙasarmu, kuma wa zai biya diyyar wanda aka kashe bisa kuskure? Na huɗu, mene ne matsayinsa a kan sulhu da 'yan bindiga, tunda sulhun da wata ƙaramar hukuma ta ƙulla ita kaɗai yakan tura maharan zuwa maƙwabciyarta? Wanda ya amsa da zagin abokin hamayya, ku sani ba shi da amsa. Wanda ya amsa da hujja, ku rubuta ku ajiye, domin a tuna masa bayan shekara huɗu.

Wannan mujalla ba ta ɗaga hannun kowa ba, ba kuma za ta ɗaga ba. Ƙuri'a shaida ce, kuma ba a bayar da shaida a kan abin da ba a bincika ba. 'Yan siyasar da kuke ɓatawa da juna dominsu, gobe za ku gan su a inuwar jam'iyya ɗaya suna raha, kamar yadda muka sha gani, ku kuwa an bar ku da gaba tsakanin wa da ƙane, alhali ranar da mahara suka shigo gari ba sa tambayar wace jam'iyya maigida ya zaɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun yanzu ya kamata a fara shirya waɗannan tambayoyi a majalisu da makarantun dare da zaurukan masu unguwanni.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa da tausayin talakawa. Amin.