Gemu Ba Ya Hana Koyon Farauta

Sunan Rafin Guza, unguwar nan da ke arewacin Kogin Kaduna, ya isa ya tuna wa mai hankali cewa a da wurin dawa ne, mazaunin guza da ire-irensa. Yau gidaje sun cinye dajin, amma sha'awar farauta tana nan. Masu shigarta ne suka sake. A da, yaro yakan tashi gidan maharba yana ɗaukar wa mahaifinsa gora da kwari. Yanzu kuwa sai ka ga magidanci da gemunsa, rashin abin yi ko gadin unguwa ya sa ya mallaki bindigar toka, ya doshi dawa ba jagora.

A ganina, wajibi ne tsofaffin maharba su karɓi irin waɗannan mutane su hore su. Kada su sallame su da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, domin ko an ƙi koya musu ba fasa shiga daji za su yi ba.

Harbi shi ne ƙaramin darasi. Babban darasi shi ne sanin inda ake dakatawa. Ba a harbin motsin ciyawa sai an ga abin da ke cikinta, don watakila makiyayi ne ko abokin tafiya. Ba a kashe dabba mai ciki. Ba a cinna wa daji wuta saboda gafiya guda. Ga kuma dokar hukuma: tun 1963 Jihar Arewa ta kafa dokar kare namun daji, kuma dajin Kamuku na Birnin Gwari gandun ƙasa ne tun 1999, an hana farauta a cikinsa.

Sai dai horon babba daban yake da na yaro. Ba a yi masa tsawa a bainar jama'a. A haɗa shi da maigida ɗaya, ya bi shi rani guda yana koyon sawu da iska, kafin a bar shi ya ɗana. Sarkin Baka kuma ya riƙe sunansa, ya ba shi shaida.

Kada a raina wannan shaida. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, bisa zargin masu satar mutane ne. Zalunci ne tsagwaronsa, amma ya nuna cewa a wannan zamani duk mai riƙe da bindiga abin tuhuma ne. Wanda ba shi da ubangidan da zai tsaya masa, ya jefa kansa da sana'ar cikin haɗari. Allah Ya kiyaye.