Ƙwayar Murɗar Ciki da Ciwon Mara



Ran nan wata yarinya a ajina ta duƙe tana riƙe da mara, sai ƙawarta ta kwance haɓar zane ta miƙa mata 'yar ƙwaya. Na karɓa na duba, ashe Buscopan ce.

To, ita wannan ƙwaya a ƙasar Jamus aka fara yin ta. Aikinta shi ne sassauta tsokar hanji da ta mara in sun ɗaure suna murɗa. Ba ta taɓa tsokar ƙafa, saboda haka wadda ƙafarta ke ɗaurewa da dare, ta miƙe ƙafar, ta jawo yatsu sama, a murza mata.

Abin mamaki, ainihin sinadarin da aka sarrafa aka yi ta akwai shi cikin zaƙami, wanda ke tsirowa bayan gidajenmu. Amma fa kada wata ta ce za ta jiƙa zaƙami. Na ƙwaya an auna shi, an kuma gyara shi don kada ya hau kai. Na daji kuwa haukatarwa yake yi, har ya kashe.

Ƙwayar takan busar da baki, wani lokaci ido ya yi hazo. Ba a ba yaro ƙasa da shekara 6, ko mai hawan jinin ido. Mai ciki da mai goyo su tambayi likita tukuna.

Yarinyar nan kuwa, da na taɓa goshinta na ji zafi, ga amai, ciwon kuma ya tsaya gefen dama na ƙasan ciki. Irin wannan sau da yawa kumburin hanji ne mai bukatar fiɗa, ƙwaya sai dai ta ɓoye shi. Asibiti muka kai ta nan take.