RA'AYINMU: Abincin Agwagi da Ladabin Yi wa Baƙo Gyara

'Yan'uwa da dattawan ikilisiya, batun da muka ɗauko a wannan fitowa zai iya ba wasu dariya, domin magana ce a kan agwagi. Amma duk wanda ya zauna a ƙasar Ruma ya san ba kowace rigima ce ke farawa daga iyakar gona ko rabon gado ba. Wata daga bakin kududdufi take tashi, inda agwagin gidaje daban-daban ke haɗuwa, mata na wanki, samari na ɗiban ruwan gini, wani kuma ya zo ya juye ragowar abinci domin tsuntsayen su ci. Sai wani ya ga abin da aka zuba bai dace ba, ya ɗaga murya. Wanda aka yi wa tsawar ya ji an ci masa mutunci a gaban mutane. Kafin a ankara an bar zancen agwagwa an koma "kai wane ne?" da "ka san ko ni ɗan gidan wane ne?" Saboda haka tambayoyi biyu ke gabanmu. Shin akwai abin da ya cancanci gyara a yadda ake ciyar da waɗannan tsuntsaye? Idan akwai, ta yaya za a gyara wa mutumin da ba mu sani ba?

Amsar tambaya ta farko ita ce e, akwai. Dusa, da tsaki, da ragowar tuwon da bai lalace ba, duk ba su da laifi. Matsalar tana wurin hatsin da ya yi fumfuna. A gidaje da yawa, idan aka buɗe rumbu aka tarar masara ko gyaɗa ta sha danshi ta sāke launi, sai a ce a watsa wa kaji da agwagi don kada a yi asara. A shekarar 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila. Da aka bi diddigi, sai aka gano tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Barazil ce ke ɗauke da wata guba da fumfuna ke haifarwa, wadda aka raɗa wa suna afulatokzin. Wannan guba hanta take ci, dafuwa ba ta kawar da ita, kuma cikin tsuntsayen gida 'ya'yan agwagwa ne suka fi saurin mutuwa da ita, har ma da su masu bincike na wancan lokaci suke gwada ko abinci yana da gubar. Ɗan Adam ma bai tsira ba, domin a 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya bayan sun ci masara mai wannan guba. Ke nan wanda ya juye ruɓaɓɓen hatsi a bakin ruwa zai iya kashe 'ya'yan agwagwar wata gwauruwa da ba ta da wani jari sai su. Abin da ya fi haka nauyi, mai yiwuwa daga wannan rumbun ake yi wa 'ya'yansa tuwo.

Abu na biyu shi ne murar tsuntsaye. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar nau'in H5N1 a wata gonar kaji a Jaji cikin Jihar Kaduna, karo na farko ke nan da aka ga wannan nau'i a nahiyar Afirka. A Janairun 2007 ta kashe wata mata a Legas. A Yulin 2008 an sake samunta a gonaki a Jihar Kano da tamu Jihar Katsina, aka kuma same ta a jikin agwagi a kasuwannin Gombe da Kabi. Ta sake dawowa a 2015. Abin da ya sa agwagwa ta zama abin lura shi ne, takan ɗauki ƙwayar cutar ba tare da ta nuna alamar ciwo ba, tana kuwa zubar da ita cikin ruwa ta hanyar kashinta. Duk wurin da aka saba watsa abinci a bakin tafki, nan agwagin gida, da kaji, da zabi, da tsuntsayen daji irin su kirinjijiya za su riƙa cuɗanya. Ya fi kyau kowa ya ciyar da nasa a cikin gida. Idan kuma tsuntsaye suka soma mutuwa da yawa a lokaci ɗaya, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa, kada a jefa mushen cikin ruwa. A binne shi a rami mai zurfi, a sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, domin a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ake tantance irin wannan cuta.

Da waɗannan dalilai, wanda ya ga ana ɓarna ya kau da kai bai kyauta wa maƙwabcinsa ba. To amma kafin kowa ya ɗauki wannan bayani ya mai da shi sandar dukan mutane, ga wani labari daga Ingila, inda al'ada ce iyaye su kai yara lambunan shaƙatawa su jefa wa agwagi burodi. A 2015 hukumar da ke kula da magudanan ruwan ƙasar, mai suna Canal & River Trust, ta roƙi jama'a su rage wannan al'ada. Ta ce ana jefa burodi kimanin miliyan 6 a ruwa kowace shekara, yana cika cikin tsuntsu ba ya gina jiki sosai, ragowarsa kuma tana ruɓewa ta ɓata ruwa ta jawo ɓeraye. Sai ga shi a 2018 David Barber, mai kula da manyan fararen tsuntsayen ruwa na Sarauniya Elizabet, ya fito ya ce daina ba da burodin ya jefa wasu tsuntsayen cikin yunwa, abin da za a guje wa kawai shi ne burodi mai fumfuna. Idan masana da kansu sun saɓa a kan burodi, mai gyara yana bukatar ya san iyakar saninsa. Fumfuna da mushe, waɗannan babu jayayya a kansu. Sauran abubuwa kuwa, kamar yawan dusar da wani ke ba agwaginsa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi damunmu, saboda halin da wannan yanki ya shiga. Tun da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a kewayen dajin Rugu, kamar wanda aka kai Tsauwa da Ɗankar a Fabrairun 2020, mutanen ƙauyuka da yawa suka baro gidajensu suka shigo Batsari, da Safana, da Dutsin-ma, da birnin Katsina. A Satumban 2021 abin ya kai har an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana. Baƙuwar da ka gani tana watsa wa agwagi lalataccen hatsi, wataƙila shi ne abin da ta iya kwasowa daga rumbun da aka bari cikin ruwan sama, agwagin kuma su kaɗai suka rage mata cikin dukiyar kiwonta. Wanda zuciyarsa ta riga ta cika da irin wannan ciwo, tsawa ɗaya ta isa ta fasa ta.

Har wa yau, mu 'yan tsiraru ne a nan, kuma dole mu faɗa wa juna gaskiya. Maganar da maƙwabci zai faɗa wa maƙwabci ta wuce kamar iska, idan ta fito da zafi daga bakin wanda addininsa ya bambanta, akwai masu jiran su ba ta wata fassara. Rikicin Tafawa Ɓalewa na Afrilun 1991 daga gardama a kan nama ya faro. Na Jos, ranar 7 ga Satumba 2001, ya tashi ne daga sa-in-sa a kan wucewa ta wani titi a lokacin sallar Juma'a. Ko shakka babu, a duka wuraren biyu akwai tsofaffin matsaloli da suka daɗe suna ruruwa, amma tartsatsin da ya kunna wutar musayar kalmomi ce a bainar jama'a. Wannan gargaɗi ne domin mu auna kalmominmu, kada kowa ya ɗauke shi a matsayin dalilin yin shiru don tsoro. Magana zarar bunu ce, wadda ta fita ba ta komawa.

Ba mu rasa tsarin da za mu bi ba. Sura ta 18 ta Linjilar Matiyu ta sa gyara ya fara a keɓe tsakanin mutum biyu, kafin a kira wasu, kafin a kai gaban taro. A sura ta 18 ta Ayyukan Manzanni kuma, da Bilkisu da Akila suka ji baƙo Afolos yana koyarwa da sauran gyara a saninsa, ba su katse shi a gaban jama'a ba, sai suka ja shi gefe suka ƙara masa bayani. Idan ɗan'uwan da muke majami'a ɗaya da shi ya cancanci wannan sutura, ina ga baƙon da bai san halinmu ba? Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san bambancin nasiha da tonon silili, kuma iyayenmu Hausawa tun dā sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sai dai karin maganar yana aiki ne idan an faɗa da muryar da mai kayan zai ji taimako ake nufi.

Ga shawararmu. Na farko, a fara da sallama da gaisuwa. Wanda bai gaishe ka ba ya soma yi maka gyara, ya riga ya rufe maka kunne. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Na biyu, a yi tambaya kafin a yanke hukunci. "Sannu da aiki, Inna. Wannan masarar ruwa ya taɓa ta ne?" Irin wannan tambaya tana ba mutum ƙofar da zai fita da mutuncinsa, kai kuma tana ba ka damar gane ko ka yi kuskuren gani.

Na uku, a matsa kusa, a sassauta murya, a ba da dalili. "Baba, don Allah ina da 'yar magana, mu ɗan koma gefe. Irin wannan gyaɗar tana kashe 'ya'yan agwagwa, kuma ko mutum bai kamata ya ci ba." Wanda aka nuna wa amfanin kansa da na iyalinsa ya fi saurin karɓa a kan wanda aka nuna wa laifinsa. Idan kana da tsaki ko dusa a gida, ɗebo masa kaɗan a madadin abin da ka hana shi.

Na huɗu, a duba wa ya dace ya yi maganar. Yaro ba ya gyara wa dattijo a fili, sai ya gaya wa babbansa. Namiji kada ya tsare matar aure da ba ta san shi ba, ya bar wa mace 'yar'uwarta. A nan Zumuntar Mata za ta iya yin aikin da ya gagari maza goma.

Na biyar, idan an faɗa sau ɗaya ba a ji ba, a yi sallama a wuce. Kududdufi na unguwa ne, kuma yana da masu iko da shi. A kai maganar wurin mai unguwa ko dagaci, shi zai sa a yi shela ga kowa da kowa ba tare da an kama sunan wani ba. Da ɗan gari akan ci gari. Muna kuma gargaɗin matasanmu da babbar murya: kada wanda ya ɗauki hoton wani da waya ya watsa don a yi masa dariya. Wannan tozartawa ce, ba ta da alaƙa da gyara.

Akwai lokacin da ba a jiran dogon gaishe-gaishe. Idan ka ga yaro yana wasa da mushen tsuntsu, ko wani zai jefa matattun kaji cikin ruwan da mutane ke ɗiba, ka tsai da shi nan take, ko da za a ji muryarka daga nesa. Rai ya fi kunya. Amma da zarar haɗarin ya wuce, ka koma ka ba da haƙuri a kan ɗaga muryar, ka bayyana dalili.

Kada kuma mu manta, wata rana mu za a yi wa gyaran. Mai yiwuwa agwagin gidanmu ne ke shiga shukar wani, ko suna ɓata bakin rijiyar unguwa, ko suna ƙazantar da ƙofar masallacin maƙwabta. Idan wani ya zo da ƙorafi, ko da ya zo da zafi, mu saurari gaskiyar da ke cikin maganarsa, mu ce "mun gode, za a gyara," sa'an nan a gyara ɗin da gaske. Wanda ba ya karɓar gyara ba shi da bakin yi wa wani.

Muna roƙon fastoci, da masu bishara, da dattawa, su ɗauki wannan batu zuwa taron matasa da na mata kafin kaka ta gaba, lokacin da ake zuba sabon hatsi a fitar da tsoho daga rumbu. A koya wa jama'a su shanya amfanin gona ya bushe sarai kafin a adana, su binne ko su ƙone wanda ya yi fumfuna, su ciyar da tsuntsayensu a gida. Dattawa kuma su ziyarci masu unguwanni su tattauna yadda za a kiyaye ruwan da dukanmu ke amfani da shi, tun kafin wata gardama ta taso. Allah ya ba mu hikimar magana, ya kuma ba ƙasar Ruma zaman lafiya mai ɗorewa. Amin.